Wa ya raba ta har aka san ba ta rabuwa?

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake gyaran waya a wata ƴar rumfa kusa da Babbar Kasuwar Maradi, ya tsare ni da tambaya ranar da na kai masa tawa da ta ƙi caji. Yana kwance bayan wayar yana cewa: "Malam, na ji an gano wata lamba mai alƙaluma sama da miliyan 41, wai ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. To wa ya zauna ya gwada ta da duk lambobin da ke ƙasanta? Anya ba cika baki ba ne irin na Turawa? In kuma gaskiya ne, wace irin lamba ce, me ake yi da ita?" Na ce masa wannan ta fi ƙarfin maganar tsaye a bakin kasuwa, ya bari in je gida in rubuto. Ga abin da na rubuta masa.

Ɗana, shakkarka tana bisa hanya, kuma ta yi mini daɗi, don ɗalibin da ke haɗiye magana ba tauna shi ne yake ba ni tsoro. Babu wanda ya gwada raba wannan lamba da duk lambobin da ke ƙasanta. Babu kwamfutar da za ta iya, yau ko gobe. Duk da haka an tabbata ba ta rabuwa, tabbaci irin na biyu da biyu huɗu. Yadda waɗannan maganganu biyu suka kwana ɗaki ɗaya, shi ne zan warware maka.

Ka tuna a aji irin waɗannan lambobi gagara-raba nake ce musu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da sauransu. In buhun wake 12 gare ka, kana iya kasa shi biyu, uku, huɗu ko shida, ba saura. In 13 ne, ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 kowa ya ɗauki ɗai-ɗai. Duk wani rabo ban da wannan sai an farke buhu.

Wadda ka ji labarinta haka ake rubuta ta: 2^136,279,841 − 1. Ƴar alamar nan ^ tana nufin hawa: ka jera biyu har guda 136,279,841, ka ninka su da juna, sannan ka ɗebe ɗaya. Wannan ɗebe ɗaya ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe. Tsofaffinmu ba su cika cewa sha tara ba, ashirin ba ɗaya suke cewa. To gidan su wannan lamba duka ƴan "ba ɗaya" ne: huɗu ba ɗaya 3, takwas ba ɗaya 7, talatin da biyu ba ɗaya 31, ɗari da ashirin da takwas ba ɗaya 127. Su 16, 32, 64, 128 kuwa kullum kana kiran su a rumfarka in ana cinikin memori. Ko ka ɗauki dara mai gurbi talatin. Sa ƙwayar gero ɗaya a gurbin farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, kana ninkawa kana tafiya. Duk inda ka tsaya, jimillar abin da ka zuba ƴar gidan nan ce: gurbi uku 7, gurbi biyar 31. In ka cika talatin ɗin ka tona ƙarin gurbi ɗaya a gefe, gero ya kai ƙwaya 2,147,483,647. Riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Yawan alƙaluman babbar ma ba sai an rubuta ta ake sanin sa ba. Duk ninki ɗaya na biyu yana ƙara wa tsawon lamba kashi uku cikin goma na alƙalami da ɗan ɗoriya, wato 0.30102999566. Buga wannan sau 136,279,841 a wayarka, za ka samu 41,024,319.94, ka cike shi: alƙaluma 41,024,320. Da za ka rubuta ta a kaye mai ƙananan gidaje na milimita biyar, alƙalami ɗaya a kowane gida, layi ɗaya miƙaƙƙe, sai ta ci kilomita 205. Ka fita Maradi ka ɗauki hanyar gabas, ka wuce Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa, ka doshi Damagaram kana rubutu. In alƙalami ɗaya kake rubutawa kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, kwana 475 za ka yi.

Hanyar da muka koya a aji kuwa ka san ta. In ana son sanin ko 97 na rabuwa, ana gwada 2, 3, 5 da 7 a tsaya, saboda 10 sau 10 ya riga ya wuce 97, kuma in lamba ta rabu gida biyu dole ɗayan bai wuce saiwarta ba, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita. Wannan dabara tana rage aiki sosai, amma saiwar tamu lambar ita kanta tana da alƙaluma sama da miliyan 20. Ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin samaniyar da ake iya hangowa, ƙiyasin masana lamba ce mai alƙaluma wajen 80. Ka ga ke nan maganar gwadawa ɗaya bayan ɗaya ba ta ma taso ba.

Nan ne asali ya shigo. A garin nan in Bagobiri mai aska ya taho daga Tibiri, ba ka tambayarsa takardar haihuwa, fuskarsa ta riga bakinsa magana. Lambobi ma haka suke. Akwai wadda za ka tsinta a hanya ba ka san gidansu ba, wannan sai ka sha wuya kafin ka san halinta. Akwai kuma mai aska. Tamu askarta a fili take: in ka rubuta ta da ƙirgar kwamfuta, wadda ba ta san komai ba sai 0 da 1, za ka ga 1 ne zalla a jere, guda 136,279,841, ko sifili ɗaya babu. A wannan ƙirga 7 ita ce 111, 31 kuma 11111. Ana kiran gidan da sunan wani malamin coci Bafaranshe, Marsan, wanda a littafi za ka ga an rubuta Marin Mersenne, da ya rayu daga 1588 zuwa 1648.

Abu na farko da askar ke gaya mana: sai hawan da kansa ya zama gagara-raba, sannan ake ma duba lambar. Dubi 111111 a ƙirgarmu ta yau da kullum. Alƙaluma shida ne, shida kuwa na rabuwa, don haka jerin ma ya rabu: 111 sau 1001, ko 11 sau 10101. A ƙirgar kwamfuta ma haka, shi ya sa 2^6 − 1, wato 63, ta zama 7 sau 9. Amma wannan sharaɗin shiga layi ne kawai, ba shi ne samun abinci ba. 11 gagara-raba ce, amma 2^11 − 1, wato 2,047, ta fashe: 23 sau 89. Marsan da kansa a 1644 ya jera hawa goma sha ɗaya da ya ce su ne na ƙwarai daga 257 zuwa ƙasa: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257. Ya yi kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ke aiki da gashin tsuntsu da tawada. Sai a 1903 wani malamin lissafi a Amurka, Frank Cole, ya fito da masu raba 2^67 − 1, wato 193,707,721 sau 761,838,257,287. Ana ba da labarin cewa a taron masana ya hau allo ya yi ninkin da alli, ya koma ya zauna bai ce uffan ba.

Abu na biyu ya fi daɗi. Ko masu raba ƴan gidan nan ba daga ko'ina suke fitowa ba, su ma da askarsu. Dubi 23 da 89 ɗin nan: 23 ita ce 11 sau 2 da ɗaya, 89 kuma 11 sau 8 da ɗaya. Ba dace ba ne. Duk gagara-rabar da za ta raba 2^p − 1, in hawan nan p gagara-raba ce da ta wuce 2, dole ta zama ninkin p sau wata lamba cika, wato wadda biyu ke rabawa, a ƙara ɗaya. Farma, wato Pierre de Fermat, ya lura da haka tun 1640. Da wannan sanda Oila, wato Leonhard Euler, ya kashe macijin gurbi 31 ɗin nan namu a 1772. Saiwar 2,147,483,647 ba ta kai 46,341 ba. Maimakon ya bi dubban lambobi, sai waɗanda suke ninkin 62 da ɗaya kaɗai, 63, 125, 187 har sama, wajen guda 750. Ya ƙara tace su da wata ƙa'ida, cewa mai rabawar in aka raba ta da 8 dole ta bar saura 1 ko 7, suka koma ƙasa da 400. Babu wadda ta shiga. A lokacin idanunsa sun riga sun tafi.

Tunda mun zo kanta, bari in yi maka da ita abin da masana ke yi in an kawo musu babbar lamba, su jero mata asali kamar yadda maroƙi ke jero kakannin ango. Ita ce ta takwas a gidan Marsan. Hawanta, 31, shi ma ɗan gidan ne, 32 ba ɗaya, wato uwa da ɗiya duk aska ɗaya. Masu irin wannan gata huɗu kaɗai aka sani: 7, 127, ita, sai 2^127 − 1. In ka raba ta da 4 tana barin saura 3, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk gagara-raba ban da 2 sun kasu zuri'a biyu, masu barin 1 da masu barin 3. Masu barin 1 kowace ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu, wato lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta: 13 ita ce 4 da 9, 29 ita ce 4 da 25, 97 ita ce 16 da 81. Masu barin 3 ko ɗaya ba ta yiwuwa. Ƴan gidan Marsan duka 3 suke bari, tunda kowace ninkin huɗu ce ba ɗaya. Saboda haka ni da ke zaune a tabarma a Maradi na san mai alƙaluma miliyan 41 ɗin nan ba jimillar murabba'i biyu ba ce, alhali ban taɓa ganin ko shafinta na farko ba.

Ita 2,147,483,647 tana da ƴar tagwai? Tagwaye su ne gagara-raba biyu da biyu kacal ke tsakaninsu, kamar 11 da 13, 41 da 43, ko 29 da 31. Ƙara mata biyu: 2,147,483,649, haɗa alƙalumanta ka samu 48, uku ta raba. Ɗebe mata biyu: ta ƙare da 5, biyar ta raba. Ba Hasana ba Husaina, ita kaɗai aka haifa.

Sai gadon gidan, wanda ya girmi Marsan da kusan shekara dubu biyu. Akwai lambobin da in ka tara duk masu raba su, ban da su kansu, sai su dawo maka cif. 6 ita ce 1 da 2 da 3. 28 ita ce 1, 2, 4, 7 da 14. Ana ce musu kammalallu. Iƙlidis, a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa duk ƴar "ba ɗaya" da ta gagari rabo tana haifar kammalalliya: ka mayar mata da ɗayanta, ka raba biyu, ka ninka da ita. 3 sau 2 ya ba da 6, 7 sau 4 ya ba da 28, 31 sau 16 ya ba da 496, 127 sau 64 ya ba da 8,128. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira, ya yi aiki a kan ko duk kammalalliya cika ta wannan hanya take fitowa, Oila ne ya zo ya rufe hujjar. Ka ga maganarka ta cika bakin Turawa ba ta zauna daidai ba, hannuwa da yawa ne suka ɗauki jinkar nan. Ta Oila tana haifar 2,305,843,008,139,952,128, sabuwar ta 2024 kuma ta haifi mai alƙaluma sama da miliyan 82.

Kai da kake buɗe cikin waya ma ka taɓa cin karo da ita ko ba ka sani ba. Na'urar da ke ajiye lamba a gurbi 32, ta ware ɗaya don alamar ƙari ko ragi, iyakar abin da za ta ƙirga shi ne 2,147,483,647. Tsofaffin manhajoji da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma mudunsu zai cika ranar 19 ga Janairun 2038. Wadda ba a gyara ba sai agogonta ya koma 1901.

To amma tacewar Oila ba za ta kai mu ga alƙaluma miliyan 41 ba. Wanda ya buɗe ƙofar wani Bafaranshe ne malamin lise kamata, Luka, wato Édouard Lucas. A 1876 ya tabbatar da hannu cewa 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, ba ta rabuwa, kuma bai raba ta da komai ba. Shekara 75 tana riƙe da kambu, har 1951 da injuna suka shigo fagen. Wani Ba'amurke, Lema, wato Derrick Lehmer, ya gyara dabarar a 1930, ita ce ake kira gwajin Luka da Lema. Ga ta, kuma ina so ka ɗauki biro ka bi ni.

Ka fara da 4. Ninka ta da kanta, ka ɗebe biyu, ka raba da lambar da kake tuhuma, ka riƙe saura kaɗai. Wannan saura kuma ka yi masa haka. Za ka yi taku adadin hawan ba biyu. In sauran ƙarshe sifili ne, lambar gagara-raba ce. In wani abu ne daban, tana rabuwa. Mu gwada da 31, hawanta 5, taku uku ke nan. Huɗu sau huɗu 16, ba biyu 14. Sha huɗu sau sha huɗu 196, ba biyu 194, cire 31 sau shida, saura 8. Takwas sau takwas 64, ba biyu 62, wato 31 sau biyu cif. Sifili. Ta 127 kuma taku biyar: 14, 67, 42, 111, 0. Ta 2,047 mai fashewar nan taku tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Ba ta sauka a sifili ba, an kama ta.

Ka lura da wani abu: gwajin ya ce 2,047 na rabuwa, amma bai ambaci 23 ko 89 ba. Kamar mai awon hatsi ne da ya ɗaga buhu ya ce akwai tsakuwa a ciki, bai kwance bakin ba. Luka ya san 2^67 − 1 na rabuwa tun 1876, shekara 27 kafin Cole ya nemo masu raba ta. Sanin ko lamba na rabuwa aiki ne daban, nemo abin da ke raba ta aiki ne daban, na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba. Riƙe wannan ma, shi ne amsar tambayarka ta ƙarshe.

Me ya sa gwajin ke aiki? Cikakkiyar hujjar ta fi shafi ɗaya, amma ga ƙashin bayanta. In za a ba mutum aure, ba cikinsa ake tsagawa ba, maƙwabta ake tambaya. Masana sun gano cewa in ka san duk abin da ke raba maƙwabciyar lamba, wadda ke gabanta da ɗaya ko bayanta da ɗaya, kana iya yanke hukunci a kan ita kanta. Lambar da aka tsinta a hanya, maƙwabciyarta ma duhu ce. Amma ƴar gidan Marsan, ƙara mata ɗaya ka samu biyu sau biyu sau biyu har ƙarshe, babu abin da ya ɓoyu. Su 4, 14, 194 kuwa ba daga sama suka faɗo ba. Ɗauki 2 da saiwar 3, da kuma 2 ban da saiwar 3: jimillarsu 4, in ka ninka kowace da kanta ka tara 14, ka sake 194. Kowane taku ninka hawa ne sau biyu, wato tafiya ce a kan tsanin da maƙwabciyar ta kafa.

Akwai kuma wata garaɓasa. Ka tuna gwajin tara na firamare, inda ake tara alƙaluman lamba don a san sauranta in an raba da 9? Abin da 9 da 99 da 999 suke a ƙirgarmu, shi ne ƴan Marsan suke a ƙirgar kwamfuta. Don haka injin ba ya yin rabawa sam, yanka yake ya tara. 194 a wurinsa 11000010 ce. Yanke biyar na ƙarshe, 00010, wato 2. Abin da ya rage a gaba 110, wato 6. Shida da biyu takwas, sauran da muka samu ɗazu da gumin goshi. Wannan sauƙi biyu, maƙwabciya sananniya da rabawa ta kyauta, su ne dalilin da ya sa kusan kullum mai riƙe da kambun girma daga gidan nan take fitowa.

Sauran labarin na ƙarfin inji ne. A 1996 George Woltman ya kafa GIMPS, gayyar masu sa kai da kowa ke ba da aron kwamfutarsa a gwada hawa ɗaya. Ta ƙarshe kafin wannan, 2^82,589,933 − 1 mai alƙaluma 24,862,048, an same ta a Disamban 2018. Sai shiru kusan shekara shida. Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA mai ƙera injunan sarrafa hoto, ya yi hayar dubban injunan sarrafa hoto ta intanet a ƙasashe 17. Ranar 11 ga Oktoban 2024 wani inji a Dublin ta ƙasar Ailan ya ce wannan tana da alama. Gwajin da ya yi na share fage ne, irin na Farma, wanda wasu lambobi ke iya yi wa shigar burtu: 341, wato 11 sau 31, da 561, wato 3 sau 11 sau 17, sanannu ne a wannan yaudara. Shi ya sa ba a tsaya nan ba. Kashegari, 12 ga wata, wani inji a San Antoniyo ta jihar Tekzas ya gama gwajin Luka da Lema, taku 136,279,839, kowane taku ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 da kanta, ya sauka a sifili. Wasu mutane suka sake yi da manhajoji daban a injuna daban, duk sifili. Ita ce ta 52 da aka sani a gidan.

Ka kiyaye harshenka a nan: mafi girma da aka sani, ba mafi girma ba. Iƙlidis ya riga ya toshe wannan ƙofa. Kawo duk gagara-rabar da kake da su, ninka su da juna, ƙara ɗaya. Babu ɗaya a cikinsu da za ta raba sakamakon, kowace saura ɗaya za ta bari, don haka akwai wata da ba ta cikin jakarka. Ɗalibai kan zame a nan su ce sakamakon kansa gagara-raba ne. Ba dole ba: 2, 3, 5, 7, 11 da 13 suna ba da 30,031, ita kuwa 59 sau 509 ce. Sababbi dai sun fito, abin da ake nema ke nan. Suna yin ƙaranci in ana hawa, 25 a ɗarin farko, 168 a dubun farko, 78,498 a miliyan na farko, amma ba su ƙarewa. A unguwar masu alƙaluma miliyan 41, kusan ɗaya cikin miliyan 94 gagara-raba ce. Tsakanin ta 2018 da ta 2024 akwai su fiye da yashin Gulbin Maradi nesa, an tsallake su duka, don ba su da askar da za a kama su da ita. Ko gidan Marsan kansa yana da iyaka ko ba shi da ita, har yau babu wanda ya kawo hujja.

Sauran gidajen zan bi su da sauri. Akwai gidan Farma, ƴan "da ɗaya": 3, 5, 17, 257, 65,537. Ya zaci duka haka za su tafi, Oila ya nuna a 1732 cewa ta gaba, 4,294,967,297, tana rabuwa da 641, kuma har yau ba a ƙara samun ta shida ba. Akwai gidan Sofi Jarman, Bafaranshiya, na waɗanda in ka ninka su biyu ka ƙara ɗaya sai wata gagara-raba ta fito, kamar 11 da ke ba da 23. Ka gane 23 ɗin? Ita ce ta fasa 2,047, kuma ƙa'ida ce: in irin wannan lamba ta wuce 3 kuma tana barin saura 3 a rabon huɗu, ɗiyarta ce ke fasa ƴar Marsan mai wannan hawa. Gidaje na auratayya. Sai kuma waɗanda ni ban ɗauke su gida ba, kamar masu karantuwa gaba da baya, 101, 131, 353. Wannan riga ce, ba jini ba. Yatsu goma Allah ya ba mu shi ya sa suka yi kyau a ido, canza ƙirgar su ɓace. Za ka ga jerin sunaye rututu da ake liƙa wa lamba ɗaya, ka riƙa tambaya wanne ne ke ba ka ikon sanin wani abu da ba ka gwada ba.

Amfani fa? Kada wani ya ce maka da ita ake kulle asirin banki. Makullin da duniya duka ta san shi ba makulli ba ne. Masu wannan aiki ƙanana ne. Tsarin kulle asiri na RSA na 1977 yana ɗaukar gagara-raba biyu na ɓoye, a yau kowace mai alƙaluma wajen 309, ya ninka su ya bayyana sakamakon mai alƙaluma 617. Samo su da tabbatar da su aikin ƙiftawar ido ne, warware sakamakon kuwa ya gagari injunan duniya, bambancin nan na Luka da Cole. Saƙon WhatsApp da kake aikawa kuma lissafin kulle shi yana tafiya ne a kan 2^255 − 19, mai alƙaluma 77, wadda aka zaɓa saboda tana dab da hawan biyu, rabawa da ita na da arha kamar yadda na nuna maka. Ita babbar, abin da ta bari a hannu shi ne kayan farautarta: dabarun ninka manyan lambobi da sauri, da manhajar Prime95 da masu haɗa kwamfuta ke gasa sabon inji da ita su ga ko zai yi kuskure, har ta tono aibi a wasu na'urorin Intel a 2016. Akwai kuma kyautar dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan 100, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba.

Kafin in zo karɓar wayata, ga aikin gida. Gwada 2^13 − 1, wato 8,191, taku goma sha ɗaya, da biro da takarda. Na ukun shi ne na farko da zai sa ka rabawa. In ka kai taku na bakwai ba ka ga 36 ba, ka yi ɓatan kai a baya, koma ka duba ninkinka.